BABI NA BIYU: TARIHIN BAGARUWA A MATSAYIN MAGANIN RAUNI, DAGA ZABIRAR WANZAMI ZUWA ƊAKIN GWAJE-GWAJE

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin dalilin gudanar da wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. Shi kuwa wannan babi zai waiwayi tarihi ne, domin a ga yadda wani sinadari da ake samu a jikin itatuwa, wanda masana kimiyya ke kira tanin, ya daɗe yana aiki a kan raunin fatar ɗan Adam a ƙasar Hausa, da yadda likitocin Turai da Amurka suka karɓe shi, suka yi watsi da shi, sa'annan suka sake komawa kansa ta hanyar gwaji a jikin ɓeraye. An zaɓi bagaruwa ne a matsayin abin misali saboda ita ce itaciyar da ta fi shahara da wannan sinadari a wurin Bahaushe, kuma ita ce wanzaman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka gada wajen kula da mikin kaciya.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, hukuncin da kimiyya ta yanke wa tanin ya sauya har sau uku a cikin ƙasa da shekara ɗari, kuma kowane hukunci an gina shi ne a kan irin raunin da aka duba da irin halittar da aka yi gwajin a kanta. Saboda haka bai dace a ɗauko yabo ko suka daga waɗancan wurare a ɗora wa aikin wanzami kai tsaye ba, sai an fara sanin me aka gwada, a jikin wa aka gwada shi.

2.1 Yankin Nazari da Itatuwansa

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna kudancin Jihar Kano ne, a kan hanyoyin da suka haɗa Kano da Zariya da kuma Jos. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya ratsa ta cikinsa a shekarar 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 zuwa 25,000, ya kuma nuna cewa fatauci ne babbar sana'arsu. A ƙofar wannan gari ne kuma rundunar Kanar Morland ta fara gamuwa da turjiya a ranar 1 ga Fabrairu 1903, kwana biyu kafin ta ci Kano. An kawo wannan ne domin a tuna cewa mutanen yankin sun san sara da suka da harbi tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Kano, kuma da abin da ke cikin dajinsu suke jinyar kansu.

Dajin nan ba iri ɗaya ba ne daga arewa zuwa kudu. A wajen Bebeji da Kiru ƙasar noma ce mai faɗi, mai fadamu da rafuka. Da an doshi Tudun Wadar Dankadai, aka shiga Dajin Falgore, har zuwa duwatsun Riruwai a Doguwa, sai ruwan sama ya ƙaru, itatuwa su yi kauri. Shi Falgore Turawa ne suka keɓe shi da sunan Gandun Dajin Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. A wannan ɓangare ne ake samun marke da maɗaci da kaɗanya da ƙirya da yawa, a kan duwatsu kuma akwai hano. Ita kuwa bagaruwa ta fi son ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, saboda haka a bakin fadamu da rafuka aka fi ganin ta, a kasuwanni irin na Kwanar Dangora kuma ana auna 'ya'yanta busassu a wurin masu kayan ƙoli da 'yan magani.

2.2 Bagaruwa a Hannun Majemi da Wanzami

Kafin a yi maganar bagaruwa a matsayin magani, ya kamata a fara da majema, domin a wurinsu ne aikinta ya fi fitowa fili. Idan aka feɗe akuya aka bar fatar haka nan, cikin 'yan kwanaki za ta ruɓe ta yi wari, in kuma an shanya ta sai ta ƙandare kamar itace. Majemi yakan jiƙa ta, ya cire gashin da ruwan toka, ya tausasa ta, sa'annan ya tsoma ta a cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Bayan wannan fatar ba ta sake ruɓewa. Da wannan hanya ce majeman Kano, irin na Ƙofar Wambai, suka jeme fatun awaki da ake rinawa da karan dafi, waɗanda fatake ke ɗauka su keta Sahara da su, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yi bayanin girman cinikin fata da takalma a birnin. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fatun suka juya suka bi ta Ikko, amma bagaruwa ba ta bar hannun majemin gargajiya ba.

Abin da ke faruwa a cikin kwatarniyar majemi shi ne, tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin fata, musamman zaren nan da ake kira kolajin, ya ɗaure shi ta yadda ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba za su iya cin sa ba. Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyar bagaruwa ya ji baurinta ya kama masa harshe, to ya ɗanɗana wannan aiki a bakinsa, domin furotin ɗin yawunsa ne tanin ya kama. Kwanson bagaruwa, idan an cire ƙwayar, yakan ƙunshi tanin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, gwargwadon iri da ƙasar da ta fito.

To, abin da wanzami yake yi bai yi nisa da na majemi ba, bambancin kawai shi ne shi a kan rayayyar fata yake aiki. A al'adar yankin nan, kamar sauran ƙasar Hausa, akan tara yara 'yan kimanin shekara bakwai a yi musu kaciya tare, kuma da hunturu ake yi, bisa imanin cewa miki ya fi saurin bushewa a lokacin sanyi, ba ya kuma yin ruwa kamar da bazara ko damina. Bayan aska ta yi aikinta, akan barbaɗa garin bagaruwa a kan mikin. Jini ya tsaya, saman mikin ya ɗaure ya yi baƙin ɓawo. Bayan wasu kwanaki wanzami yakan dawo ya wanke da ruwan zafi, ya sake sa magani, ana kuma ciyar da 'yan shayin da nama da kaji da abinci mai kyau har su warke. Ban da kaciya, mata masu jego sukan tafasa bagaruwa su zauna a cikin ruwanta domin ƙarin da haihuwa ta jawo, ana kuma kurkure baki da ita idan dasashi na jini.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da Bahaushe ke auna warkewa da shi. A wurinsa miki mai kyau shi ne wanda ya bushe. Idan aka ce miki "ya yi ruwa", to an shiga damuwa ke nan, domin daga nan sai mugunya, daga mugunya sai gyambo. Duk maganin da ke busar da miki, a ganinsa, maganin ƙwarai ne. Za a ga nan gaba cewa a kan wannan batu na bushewa ne kimiyyar zamani ta saɓa da shi.

Shi kansa mai wannan nazari da aska aka yi masa kaciya a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, su bakwai a ɗaki ɗaya. Shida sun warke cikin kimanin mako uku. Na bakwai kuwa ɓawon mikinsa ya yi kyau a ido, ashe mugunya na taruwa a ƙarƙashi, sai da zazzaɓi ya rufe shi aka ɗauke shi zuwa asibiti, inda ya yi kwanaki kafin ya samu kansa. Magani ɗaya aka sa musu, hannu ɗaya ya sa. Tambayar me ya bambanta shi da sauran tana cikin abubuwan da suka haifar da wannan aiki.

2.3 Shigar Bagaruwa Cikin Rubuce-rubucen Turawa

Turawan mulkin mallaka sun fi damuwa da bagaruwa ta fuskar cinikin fata. Wanda ya tsaya ya rubuta sunayen itatuwan Hausa da amfaninsu shi ne Dokta J. M. Dalziel, likita ɗan ƙasar Sikotlan da ya fara aiki a Afirka ta Yamma a 1905. Ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sa'annan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, inda bagaruwa ta fito a matsayin kayan jima da kuma magani. Saboda hidimarsa ne masana suka laƙaba wa hano sunansa, suke kiran sa Boswellia dalzielii. Ita bagaruwa an daɗe ana kiran ta Acacia nilotica, yanzu kuma masana tsirrai da yawa suna rubuta Vachellia nilotica. Sai dai aikin Dalziel tattarawa ne da rubutawa, ba gwaji ba. Asibitocin da aka buɗe a zamanin, kamar Asibitin Birni na Kano da aka gina a ƙarshen shekarun 1920, da magungunan da aka kawo daga Ingila suke aiki, aka bar wa wanzami zabirarsa.

2.4 Tanin a Asibitocin Amurka da Ingila

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da ake yi wa garin wanzami kallon abin ƙauye, likitocin ƙasashen da suka ci gaba suna shafa wa majinyatansu ɗan'uwan wannan sinadari. Masana haɗa sinadarai sun san shi tun da daɗewa. Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya fitar da asid galik, wanda yake ɗaya daga cikin tubalan ginin tanin, a 1786, shi kuma Armand Seguin na Faransa ya yi amfani da sunan tanin a 1796 wajen bayanin abin da ke jeme fata. Amma shigarsa asibiti gadan-gadan ta faru ne a 1925, lokacin da wani matashin likita mai suna Edward Davidson, na Asibitin Henry Ford da ke birnin Detroit a Amurka, ya wallafa sakamakon jinyar masu ƙuna da ruwan asid ɗin tanin.

A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa abin da ke kashe wanda ya ƙone shi ne wani dafi da ƙonannen nama ke fitarwa ya shiga jini. Davidson ya yi tunanin cewa idan aka jeme saman ƙunar, kamar yadda ake jeme fata, to za a ɗaure dafin a wuri ɗaya. Ya riƙa jiƙa ƙyalle da ruwan tanin mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 yana rufe ƙunar, har ta yi baƙin ɓawo mai tauri. Majinyata suka ji sauƙin raɗaɗi, ruwan da ke tsiyaya daga jikinsu ya ragu, asibitoci da dama kuma suka ba da rahoton cewa mace-mace sun ragu. Cikin 'yan shekaru hanyar ta bazu a Amurka da Turai, ta zama ita ce jinyar ƙuna da ake koyarwa. Wannan shi ne hukunci na farko, kuma yabo ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona asirin lamarin. Matuƙan jiragen yaƙin Ingila da suka ƙone a fuska da hannu a 1940 ana kai su wurin likitan fiɗa Archibald McIndoe a garin East Grinstead. Ya lura cewa ɓawon tanin yana matse yatsu har jini ya kasa gudana, yana janye fatar ido har mutum ya kasa rufe idonsa, mugunya kuma tana ɓuya a ƙarƙashinsa ba a gani. Ya yi ta faɗa har aka hana sa tanin a fuska da hannu, aka koma wanka da ruwan gishiri. Wanda ya karanta bayanin McIndoe ba zai kasa tuna yaron nan na bakwai da aka ambata a baya ba.

Mummunan labarin ya zo a 1942. Likitoci uku a Amurka, Wells da Humphrey da Coll, sun ga cewa waɗansu masu ƙuna da aka yi wa jinya da tanin suna mutuwa hantarsu a lalace. Domin su tabbatar da zarginsu sai suka yi wa ɓeraye allurar asid ɗin tanin a ƙarƙashin fata, hantar ɓerayen ita ma ta lalace. A ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekarar gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston, mutum 492 suka mutu. A Babban Asibitin Massachusetts, Dokta Oliver Cope ya ƙi amfani da tanin a kan waɗanda aka kawo masa, ya rufe ƙunarsu da ƙyalle mai man basilin kawai, ya mayar da hankali ga ƙarin ruwa da jini. Sakamakon ya gamsar da likitoci, kafin yaƙi ya ƙare an daina jeme ƙuna a mafi yawan asibitoci. Wannan shi ne hukunci na biyu.

A nan ya kamata a yi hattara, domin da sauƙi mutum ya ce tunda tanin ya kashe mutane a Amurka, to bagaruwa ma guba ce. Akwai bambanci guda biyu. Na farko, asid ɗin da Davidson ya yi amfani da shi ba daga bagaruwa aka samo shi ba, daga wani ƙullutu ne da ƙwari ke haddasawa a jikin waɗansu itatuwan Turkiyya da Sin. Tanin dangi ne mai rassa, akwai wanda ke narkewa ya koma asid galik da sukari, akwai wanda ba ya narkewa haka, ita kuwa bagaruwa gauraye take ɗauke da su tare da waɗansu sinadarai. Na biyu, mai ƙunar da ta cinye rabin bayansa ana shafa masa magani a fili mai faɗi, sau da yawa a rana, abin da zai shiga jininsa kuwa ba za a haɗa shi da na mikin kaciya ba, wanda bai wuce faɗin zobe ba. Abin da ya dace a ɗauka daga wannan tarihi shi ne gargaɗi a kan zuba bagaruwa a babbar ƙuna, irin wadda yara kan samu idan sun faɗa wuta wajen jin ɗumi da hunturu, ko tafasasshen ruwan wankan jego ya zube musu.

Bayan wannan sai wani binciken ya taɓa tushen tunanin gaba ɗaya. A 1962 George Winter, wani masani a Ingila, ya yi ƙananan raunuka a bayan aladu, ya rufe waɗansu da leda, ya bar waɗansu iska na bugu. Waɗanda aka rufe, suka zauna da danshi, sabuwar fata ta rufe su kusan ninki biyu a sauri. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin halittar da ke gina sabuwar fata rarrafe suke yi daga gefen miki zuwa tsakiya. Idan akwai danshi sai su bi ta sama, idan kuwa akwai busasshen ɓawo dole su nutsa su bi ta ƙarƙashinsa, tafiyar ta yi tsawo. A 1963 Hinman da Maibach suka tabbatar da haka a fatar mutane. Ke nan bushewar da Bahaushe ke murna da ita ba ita ce warkewa ba. Duk da haka ba a ce wanzami ya yi wauta ba. A ɗakin da babu bandeji mai tsabta, ga ƙura ga ƙuda, ɓawon da ya tsayar da jini ya toshe ƙofa yana iya zama mafi alheri daga cikin abin da ke hannu, ko da ya jinkirta aikin fata da 'yan kwanaki.

2.5 Ɓera a Matsayin Mai Ba da Shaida

Tunda an ga ɓera ya fara shigowa cikin shari'ar tanin tun 1942, ya kamata a san wane ɓera ake nufi. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran su, ɓera, ko kusu a bakin Sakkwatawa, amma a ɗakin gwaje-gwaje iri biyu ne, ƙarami da babba, kuma dukansu ba irin na rumbu ba ne. Babban farin ɓeran da aka fi sani an fara kiwonsa ne a Cibiyar Wistar ta birnin Filadelfiya daga 1906. Ƙaramin kuwa, C. C. Little ne ya fara haɗa 'yan'uwa ciki ɗaya suna haihuwa, zuriya bayan zuriya, tun daga 1909, har aka sami ɓerayen da kusan ba su da bambancin gado. Shi ne kuma ya kafa Cibiyar Jackson a Jihar Maine a 1929. Amfanin wannan shi ne, idan aka ga bambanci tsakanin rukuni biyu, za a iya jingina shi ga maganin da aka sa, ba ga halittar dabbar ba. Wannan kuwa shi ne abin da ba za a taɓa samu a ɗakin 'yan shayi bakwai ba.

Yadda ake gwajin ba shi da wuyar fahimta. Akan sa wa ɓera maganin barci, a aske bayansa, a huda fatar da wani ƙarfe mai zagayayyen baki wanda faɗinsa bai wuce 'yan milimita ba. Sai a kasa ɓerayen rukuni-rukuni. Waɗansu a shafa musu sinadarin da ake bincike, waɗansu man da aka kwaɓa shi da shi kawai, waɗansu kuma sanannen maganin asibiti domin kwatance. Ana auna faɗin mikin a ranaku ƙididdigaggu, daga baya a yanki ɗan nama a duba a madubin likita, a ga yawan kumburi da sababbin jijiyoyin jini da kolajin. Miki yana bin matakai ne: tsayawar jini, kumburi, gina sabon nama, sa'annan gyaran tabo, wanda kan ɗauki watanni, kuma ƙarfin tabo ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata. Mai bincike yana son ya san a wane mataki sinadarin ya sa hannu.

Amma shaidar ɓera tana da rauni babba. Fatarsa sako-sako ce, a ƙarƙashinta kuma akwai wata siririyar tsoka wadda mutum ba shi da irinta a mafi yawan jikinsa. Idan aka huda bayan ɓera, wannan fata takan tattaro kanta kamar bakin jakar da aka ja wa zare, mikin ya rufe cikin kimanin mako biyu, mafi yawa ta hanyar tsukewa. Shi kuwa mutum sai ya cike ramin da sabon nama, sa'annan fata ta rarrafo ta rufe. To sinadari mai bauri irin tanin, wanda aikinsa ke nan ɗaurewa da tsukewa, yana iya nuna bajinta a bayan ɓera wadda ba lallai ya nuna a ƙafar manomi ba. Masana sun san da wannan matsala. A 2004 Galiano da abokan aikinsa a birnin New York suka fito da dabarar ɗinka wani zoben roba a kewayen mikin domin ya hana fatar tattaruwa, ta yadda warkewar za ta yi kama da ta mutum. Akwai kuma ɓeraye masu ciwon sukari na gado, waɗanda aka gano a Cibiyar Jackson a 1966, da ake amfani da su wajen nazarin mikin da ke ƙin warkewa. Duk mai karanta rahoton gwaji ya kamata ya duba ko an yi amfani da irin waɗannan dabaru kafin ya yarda da adadin da aka ba shi.

Ta wannan hanya ce tanin ya sake dawowa. A 2001 Halkes da abokansa a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka sake bitar tsofaffin rahotanni, suka kawo hujjar cewa asid ɗin da aka yi amfani da shi kafin yaƙi ba tatacce ba ne, kuma an riƙa zuba shi da ƙarfi fiye da kima. A 2019 waɗansu masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa tataccen asid ɗin tanin ya hanzarta rufewar miki a jikin manyan ɓeraye, ya kuma ƙarfafa ƙwayoyin halittar da ke saƙa kolajin. Wannan shi ne hukunci na uku, kuma yabo ne mai sharaɗi.

2.6 Dawowar Bincike Gida

A Nijeriya, sha'awar gwada magungunan gargajiya ta ƙaru bayan taron Alma-Ata na 1978, inda aka amince cewa masu maganin gargajiya suna da gurbi a kiwon lafiya matakin farko. An kafa Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, a 1987, sassan koyar da haɗa magunguna na jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma suka riƙa kiwon ɓeraye domin ɗalibai da malamai. Tun kafin nan ma waɗansu masana daga waje, kamar Nina Etkin da Paul Ross, sun zauna a wani ƙauyen ƙasar Kano a tsakiyar shekarun 1970 suna nazarin tsirran da Hausawa ke ci suke kuma magani da su.

Aikin da ya fi kusa da wannan nazari shi ne na Sulaiman Sani Kankara na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da abokan aikinsa. A 2015 sun wallafa binciken tsirran da mata ke amfani da su a goyon ciki da jego a Jihar Katsina, inda bagaruwa da sabara suka fito a sahun gaba. A 2017 kuma suka gwada ruwan kwanson bagaruwa a kan mikin manyan ɓeraye, suka ba da rahoton cewa ya taimaka wa warkewa, ya kuma rage sinadaran da ke rura kumburi. Muhimmancin wannan aiki shi ne, ita bagaruwar aka gwada, ba ɗan'uwanta na Turkiyya ba, kuma da ruwa aka jiƙa ta kamar yadda unguwarzoma ke yi.

Sai dai har yanzu akwai tazara tsakanin abin da aka shafa wa ɓeran da abin da ke cikin zabira. Na ɗakin gwaji an wanke shi, an tace, an auna. Na wanzami kuwa sau da yawa a ƙasa ake tsintar sa a gindin itaciya, inda awaki da shanu ke taruwa suna cin 'ya'yan suna kashi, a daka shi a turmin gida, a ƙulle a tsumma har wata da watanni. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma tana da wani kwanso mai taurin da baurin tanin ba ya kashe ta, ga shi kuma ta fi son mikin da aka toshe iska ba ta shiga. A yau wanzamai da yawa a garuruwan Kiru da Bebeji da Tudun Wada sun haɗa da aidin, waɗansu kuma suna fasa kafso su barbaɗa garinsa a kan miki, iyaye da dama kuma sun koma kai jarirai asibiti. A rugage da ƙauyukan da ke gefen Falgore da bayan Riruwai, inda asibiti ke da nisa, garin bagaruwa yana nan a matsayinsa. A kan yadda ake tsinto shi da yadda ake daka shi da adana shi a waɗannan wurare ne babi na uku zai tsaya.